Kafin a saya wa yaro maganin tari a hunturun bana, a san bambancin shuɗiyar inhelar asma da mai ruwan ƙasa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a shafinku na wasiƙu tun kafin hunturu ya kankama. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya sauko wa Kaduna, duk wanda ya bi ta bakin kemis a Rigasa ko Tudun Wada ko Kawo bayan sallar isha zai tarar da iyaye riƙe da yara masu tari. Abin da akan ɗaure musu a leda kusan iri ɗaya ne: kwalbar maganin tari, Piriton, maganin kashe ƙwayoyin cuta, wani lokaci a ƙara da allura. Yaro ya ɗan samu sauƙi kwana biyu, sati na zagayowa a koma. Da yawa daga cikin waɗannan yara asma ce ke damunsu, kuma babu ko ɗaya a cikin ledar nan da ke taɓa tushenta.

Wasu na kiran asma fuka, sai dai a kula kada a haɗa ta da tarin fuka, wato tibi, wanda ƙwayar cuta ce ke kawo shi kuma ana ɗauka. Asma ba a ɗaukarta. Abu biyu ne a haɗe. Bangon hanyoyin iska na cikin huhu yana da kumburi, kuma kumburin yana nan ko da yaro yana tsakiyar wasansa lafiya lau. Sai tsukewa: da ƙura ko hayaƙi ko mura ta taɓa bangon nan, naman da ke kewaye da hanyar ya damƙe, majina ta taru, iska ta riƙa fita da ƙyar tana kuka kamar usur. Alamarta ita ce tarin tsakar dare ko na asuba, tari bayan gudu ko dariya, ya tafi ya dawo, sau da yawa kuma akwai mai irinsa a dangi.

Ba duk kukan ƙirji ne asma ba, shi ya sa ganin likita ya zo kafin zaɓen magani. Yaro mai zazzaɓi da saurin numfashi, wato 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ana fara zargin nimoniya. Wanda kukan ƙirji ya same shi farat ɗaya yana cikin cin gyaɗa ko wasa da dutsen ado, mai yiwuwa wani abu ne ya faɗa masa huhu. Tarin da ya wuce sati biyu da rama da gumin dare kuwa, a je a yi gwajin tibi.

Idan an tabbatar asma ce, magungunan ma kashi biyu ne, kowa da aikinsa. Dukansu a inhela suke zuwa, wato ɗan gwangwanin feshin magani da ake shaƙa ta baki. Shuɗiyar inhela, salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin, ita ke sassauta tsukewa. Tana aiki cikin 'yan mintoci, ƙarfinta ya kai kamar awa huɗu, amma ba ruwanta da kumburi. Ta biyun, wadda yawanci launinta ruwan ƙasa ne ko ruwan lemo, tana ɗauke da beklometason ko budesonid ko fulutikason, ita ce ke kwantar da kumburin. Ana shaƙarta kullum safe da yamma, yaro na tari ko ba ya yi, kuma sai an yi sati ɗaya zuwa biyu kafin a fara ganin amfaninta. A nan ake yin asara. Uwa ta shaƙa wa yaro ruwan ƙasar lokacin da numfashi ya sarƙe, ba ta ga komai ba, ta ce jabu ce, ta jefa a durowa ta riƙe shuɗiyar kaɗai. Launi ma yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka sunan da ke jikin gwangwanin za a karanta, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Ta yaya za a san yaro na buƙatar ta kullum? A waiwayi sati huɗu da suka wuce. Ya yi tari ko sarƙewa fiye da sau biyu a sati? Ya farka da dare saboda asmar? Ya nemi shuɗiyar fiye da sau biyu a sati? Asmar ta hana shi ƙwallo ko zuwa makaranta? Ko ɗaya aka amsa da e, akwai gyara. Gidan da ke shanye gwangwanin shuɗiya uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashi, ko da kuwa suna ganin sun saba. Ga yaron firamare likita yakan fara da maikurogiram 100 zuwa 200 na beklometason a rana, a dawo bayan wata biyu ko uku a duba. Idan aka yi wata uku cikin lafiya ana iya ragewa a hankali, amma mai hankali ba ya rage ta a bakin hunturu.

Maganar da ke yawo a gidajen suna da biki, cewa wai wanda ya fara inhela ba ya rabuwa da ita har abada, ba ta da tushe. Babu abin sa maye a cikinta. Tsoron da ya fi dacewa a ji shi ne na abin da ake guduwa gare shi. Salbutamol na ruwa da ake sha da cokali sai ya bi ciki ya zagaya jini kafin ya isa huhu, ga jinkiri ga rawar hannu da bugun zuciya, alhali shaƙa ɗaya maikurogiram 100 ce kacal kuma kai tsaye take zuwa inda ciwon yake. Firednisolon na ƙwaya yana ceton rai a lokacin tashi mai tsanani, amma na kwana 3 zuwa 5 ne bisa nauyin yaro, da umarnin likita. Wanda aka mayar masa da shi ko deksametason abin sha duk wata zai yi kumburin fuska, girmansa ya tsaya, ƙashinsa ya yi rauni, kuma dangi su yi ta murna wai ya yi ƙiba. Ita ruwan ƙasar, abin da aka sani game da ita shi ne tana iya rage kusan santimita ɗaya a tsawon yaro, sannan tana sa fararen ƙuraje a baki idan ba a kuskure baki bayan shaƙa ba. Maganin tari mai kodin kuwa tun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi, kuma dama bai taɓa dacewa da ƙirjin yaro mai asma ba.

Sai yadda ake shaƙar, wanda a ganina ya fi zaɓen kamfani muhimmanci. Yaro ba ya iya haɗa danna gwangwani da jan numfashi a lokaci ɗaya, sai maganin ya ƙare a harshe da maƙogwaro. Dole a sa sifesa, wani ɗan bututun roba da ke tare feshin har yaro ya ja. Ɗan ƙasa da shekara huɗu ana haɗa masa da marufin fuska da zai rufe hanci da baki ba tare da ɓaraka ba. A girgiza inhelar, a soka ta a gindin sifesar, a danna sau ɗaya tak, yaro ya yi numfashi biyar ko shida a hankali, a jira kamar rabin minti, a sake girgizawa kafin ta biyu. Masu danna biyu ko uku a jere suna zubar da kuɗinsu ne a bangon robar. Wanke sifesar sau ɗaya a wata ya isa, da ruwan sabulun wanke-wanke, a bar ta ta bushe a iska. Kada a goge da tsumma, domin gogewar tana sa roba ta riƙa jan maganin tana manne shi a jikinta.

Wanda bai samu ta kanti ba, gorar lemo ta roba mai rabin lita tana yi. Likitocin yara a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu sun gwada ta sun ga aikinta ya yi daidai da na sayarwa. A wanke ta tas, a lanƙwasa waya daidai siffar bakin inhelar, a ɗora a wuta ta yi zafi, a huda gindin gorar da ita, a tura bakin inhelar ya zauna cif. Yaro ya kama bakin gorar da leɓɓansa.

Wani abin da ke cin mutane shi ne gwangwanin da ya ƙare. Yawanci shaƙa 200 ne a ciki, amma bayan maganin ya ƙare iskar da ke tura shi tana ci gaba da fesowa, ana ganin kamar da saura. Mai shaƙa biyu safe biyu yamma, kwana 50 gwangwaninsa zai yi, sai a rubuta ranar buɗewa a jikin kwalin. Kada kuma a bar shi a cikin mota a zafin Maris da Afrilu.

Idan asmar ta tashi, a zaunar da yaro a miƙe, kada a kwantar da shi. Ɗan ƙasa da shekara 6 a ba shi shaƙa 2 zuwa 6 na shuɗiyar ta sifesa, ɗan 6 zuwa sama 4 zuwa 10, ɗaya bayan ɗaya, ana iya maimaitawa duk minti 20 cikin awar farko. Amma idan ya kasa haɗa magana, ya kasa shan nono, awazunsa na lotsawa, leɓe ya yi duhu, ko ya yi laushi yana gyangyaɗi, a ci gaba da ba shi a cikin Keke ko mota a nufi asibiti mafi kusa, ko Barau Dikko ne ko Yusuf Ɗantsoho ko Gwamna Awan a Kakuri. Ƙirjin da ya yi shiru alhali yaro na fama, ba sauƙi ba ne, iska ce ta daina shiga.

Atishawa da yoyon hanci da ƙaiƙayin ido da borin jini suna tafiya da asma kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai, amma maganinsu daban. Piriton na sa barci, yaro ya wuni yana lumshe ido a aji. Setirizin ko loratadin sun fi dacewa: loratadin miligiram 5 sau ɗaya a rana ga ɗan shekara 2 zuwa sama da bai wuce kilo 30 ba, miligiram 10 ga wanda ya wuce. Phenergan ba a ba ɗan ƙasa da shekara 2. Hancin da ke toshe kullum ya fi jin feshin hanci irin na mometason, a karkata bakin feshin zuwa gefen kunne don kada ya riƙa dukan tsakiyar hanci ya kawo haɓo. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci nan take kada ya wuce kwana biyar, in ba haka ba hancin zai toshe fiye da da. Montelukas, wani maganin asma na sha, yana taimaka wa wasu, sai dai a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mai ƙarfi saboda mugayen mafarkai da canjin hali, don haka uwa ta sa ido. Yaran da idonsu ya rine ya koma ruwan ƙasa saboda susa, kada a riƙa ɗiga musu maganin ido mai deksametason daga kemis, yana jawo hawan jinin ido da yana. Ga Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa nan a garinmu.

Akwai kuma borin jini mai tsanani wanda ba ya jira. Yaro ya ci gyaɗa ko ƙwai ko kifi, ko zuma ta harbe shi, cikin mintoci leɓe da harshe suka kumbura, murya ta dishe, jiki ya saki. Wannan allurar adirenalin a cinya ce maganinsa, Piriton ba zai tare shi ba, a ruga asibiti.

A ɗakin kwanan yaron kuwa, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da fiya-fiya su bar wa gidan sauro wuri. A ɗauke kafet, a yayyafa ruwa kafin shara, a kai janareto da murhun gawayi nesa da tagarsa, a yaƙi kyankyasai. Makarantun boko da na Islamiyya su bar yaro ya riƙe shuɗiyar inhelarsa da sifesa a jaka, tare da takardar likita mai nuna shaƙa nawa za a ba shi da lambar wayar iyayensa.

Wassalam.

Daga wani ma'aikacin lafiyar yara, Kaduna.