A Auna Kafin A Sauya Wa Sitan Ɗin Manyan Babura Mazauni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan wani ƙarfe da bai fi tafin hannu biyu ba, wanda a 'yan shekarun nan ya fara shigowa hannun masu walda da makanikan babura a garuruwanmu, kuma nake ganin ana yi masa riƙon sakainar kashi. Ni makanikin babura ne, na kuma daɗe ina haɗawa da walda, saboda haka daga bakin aiki nake magana. Ƙarfen da nake nufi shi ne mariƙin da ake ƙerawa domin a sauya wa sitan ɗin gefe mazauni a jikin manyan baburan doguwar tafiya, wato ƙafar nan ta hagu da ake turowa a jingine babur a kanta.

Irin waɗannan babura, kamar Honda Africa Twin da BMW GS da KTM Adventure da Yamaha Ténéré, wanda ya ari sunansa daga hamadar Tenere ta ƙasar Nijar, an ƙera su ne domin kwalta da burji da rairayi, kuma tseren Faris zuwa Dakar da ya riƙa ratsa Agadas a shekarun baya shi ne makarantarsu. Abin da ya kamata mai walda ya fara sakawa a ransa shi ne nauyi. Boxer ɗin da 'yan acaɓa ke hawa kilo 100 ne da 'yan kai, Ténéré 700 kuwa ya haura kilo 200, sannan BMW R 1250 GS Adventure yana kaiwa kilo 268 idan tankinsa cike yake, tun kafin a rataya masa akwatuna da jarkar ruwa. Hannun da ya saba da ƙaramin babur, idan bai sake lissafi ba, zai yi wa babba aikin da ba zai ɗauke shi ba.

Asalin wannan dabara ta sauya wa sitan mazauni an fi saninta da KTM 950 Adventure, wanda kamfanin ƙasar Ostiriya ya fitar kasuwa a 2003, shekara guda bayan Fabrizio Meoni ya ci tseren Dakar da babur mai irin wannan inji, da kuma 990 da ya biyo bayansa a 2006. A waɗannan babura injin yana rataye ne a jikin ƙashin babur, babu bututun da ya kewayo ta ƙarƙashinsa, don haka aka ɗaure sitan a jikin kwanon injin kansa. Wannan ya rage nauyi, amma yana da tasa illar. Kwanon inji zubin alminiyam ne, shi kuwa zubin alminiyam ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Idan dutse ya daki gindin sitan a daji, ko babur ya faɗi ta hagu a kan turɓa mai tauri, ƙarfin dukan yana iya wucewa kai tsaye zuwa kwanon, baƙin mai ya tsiyaye, kuma gyaran yakan kai ga sauke inji a buɗe shi gaba ɗaya. Wannan ne ya sa ƙananan kamfanoni a Amurka da wasu ƙasashe suka fara ƙera mariƙin da ke ɗauke nauyin daga kwanon inji ya mayar da shi kan manyan notukan da ke da ƙarfin ɗauka. Wasu kuma sukan nemi sauyin ne saboda sun rage tsayin babur, ko sun saka garkuwar inji da ta ci wurin sitan.

A nan wajenmu, da yadda canjin dala yake, mai babur yakan gwammace ya je wurin mai walda maimakon ya yi odar mariƙi daga waje, kuma ni ban ga laifin hakan ba. Muna da ƙarfe mai kyau a Ƙofar Ruwa da Panteka, muna da hannu. Abin da ke damuna shi ne a yanko guntun ƙarfe a liƙa da ido kawai, a ce an gama.

Duk wanda ya taɓa ɗaga dutse da ƙarfen bankara ya san yadda tsawo ke ninka ƙarfi, kuma sitan haka yake. Idan tsawon ƙafar santimita 30 ne, tazarar da ke tsakanin notukan da suka riƙe mariƙin kuma santimita 5 ce, duk wani ƙarfi da ya tura ƙasan ƙafar ta gefe zai isa ga notukan ninki shida. Saboda haka nake ba da shawarar a raba wuraren ɗauri da nisa gwargwadon hali, a kuma sami uku waɗanda ba sa kan layi ɗaya, kamar duwatsun murhu, domin mariƙin kada ya sami hanyar murɗewa. Ni da kaina faifan baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 6 zuwa 8 nake amfani da shi, ba na kuma son alminiyam a wannan wuri, domin yana rasa ƙarfi mai yawa a kewayen inda walda ta taɓa shi, alhali baƙin ƙarfe idan ya lanƙwasa a hanya ana iya miƙe shi a ci gaba da tafiya. Duk wata kusurwa ta ciki a zagaye ta da girinda, saboda tsaga daga kaifin kusurwa take farawa. Notuka kuma a duba lambar da ke kansu, 8.8 ko 10.9, kada a ɗauko wanda babu rubutu a kansa don ya yi daidai da rami.

Ina kuma roƙon 'yan uwana masu sana'a su daina yin walda a jikin ƙashin babur ɗin kansa. Bututun ƙashin wasu daga cikin waɗannan babura siriri ne, na ƙarfe na musamman, zafin babbar sandar walda yana raunana shi, sannan wutar walda tana iya ƙona ƙwaƙwalwar injin idan ba a cire batir da wayoyinta ba. Mariƙi a ƙera shi a kan teburi, a ɗaure shi da noti, yadda gobe za a iya kwance shi. Akwai kuma wani abu da mutane ke mamaki idan na faɗa: ƙarfi fiye da kima shi ma kuskure ne. A ranar da babban duka ya zo, dole wani abu ya sallama, kuma gara ƙafar sitan ko mariƙin su lanƙwasa da a ce ƙashin babur ne ya karye. Aikinsa kenan, irin na fis a layin wuta.

Kafin in taɓa ƙarfe, da kwali nake farawa. Nakan yanka shi in manna a wurin, in huda ramuka, in sake yankawa har sau uku ko huɗu, sannan in kwafa a katako in gwada da ainihin notukan. Ko da na koma kan ƙarfe, ɗiga walda kawai nake yi tukuna, sai na jingine babur ɗin na ga yadda ya kwanta. Karkatar da ta kai digiri 10 zuwa 15 ita ce nake nema. Idan ya miƙe da yawa, iska ko yaro da ya dafa shi ya isa ya kifar da shi ta dama, idan kuma ya kwanta da yawa, nauyin ya taru a kan ƙafar, mai shi kuma ya sha wahalar tayar da shi. Matsar da mazaunin da santimita biyu kacal yana sauya wannan lissafi, kuma dole a gwada da kaya a kai, domin shoka na nutsewa idan an yi lodi, babur ya ƙara miƙewa. Haka nan ƙafar ta ɗan zarce gaba idan an sauke ta, don kada ta naɗe da kanta idan babur ya gangara kaɗan. Idan an ɗage ta kuma a tabbata ba ta gogar sarƙa, ba ta tare giya, ba ta kuma zama abin da zai fara taɓa kwalta a kwanar hagu.

Abin da ya tayar da ni rubuta wannan wasiƙa shi ne maganar sifirin. Kwanakin baya aka kawo mini wani babban babur a bayan a-kori-kura, gefensa na hagu duk ya goge, mai shi kuma yana tafe da hannu a naɗe. Wani mai walda ne ya sauya masa mazaunin sitan, waldar kuma ba ta da laifi, amma ƙugiyar da sifirin ke maƙalewa ya matso da ita kusa fiye da yadda take a da. Da na ɗaga ƙafar da yatsa ɗaya na sake ta, sai ta yi lilo kamar reshen da ya karye. Sifirin ɗin sitan aiki biyu yake yi, yana riƙe ƙafar a sama, yana kuma riƙe ta a ƙasa, kuma ba zai iya ba sai layin jansa yana tsallake ƙusar da ƙafar ke juyawa a kanta, yana kuma a ɗame a duk ɓangarorin biyu. Wannan bawan Allah ya faɗa wani rami a kan burji, ƙafar ta sauko bai sani ba, da ya shiga kwanar hagu ta caki ƙasa ta ɗaga tayar baya. Da ma akwai makunnin da ke kashe inji idan aka saka giya alhali sitan na ƙasa, sai na tarar an yanke wayoyinsa an haɗe su an naɗe da salatif, saboda wayar ba ta kai sabon mazaunin ba. Ƙarin waya da bai wuce kamu ɗaya ba da ɗan kunnen ƙarfe na ɗaura makunnin su ne suka rage a wannan aiki. Allah Ya kiyaye, karaya ce kawai a hannu, amma na kwana ina tunanin da babbar mota ce ke biye da shi.

Su ma masu baburan akwai nasu. A daina zama a kan babur yana jingine ana hira, a daina juya shi a kan sitan don a sauya masa fuska, wanda kuma ke shiga rairayi ya sa a faɗaɗa masa tafin ƙafar, muddin faɗin bai hana ta komawa mazauninta ba. Sannan su yi haƙuri su ba mai aiki kwana biyu da kuɗin da ya dace, domin gaggawar mai kaya tana cikin abin da ke sa a tsallake awo.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin masu walda da na makanikai, da kwalejojin fasaha da hukumar ITF mai kula da horar da ma'aikata da masu sana'a, su saka irin wannan ƙaramin aiki cikin abin da ake koya wa yara masu koyon sana'a, tun daga yankan kwali har zuwa gwajin sifirin. A garejina na kafa doka cewa babur ba ya fita sai an ɗaga tayar baya, an tayar da inji, an saka giya, an sauke sitan a gaban mai shi ya ga injin ya mutu da idonsa.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani makanikin babura, Kano.