Wasiƙa kan gidan da Wesley ya tashi

Aminina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya sanyin wajenku? Na ga saƙonka cewa kwamitinku na shawarar gyara tsohon gidan fasto, wasu ma na cewa a rushe a gina sabo. Kafin ku taɓa ko bulo ɗaya, bari in ba ka labarin wani gida irinsa.

A Epworth, wani ƙaramin gari a yankin Linkonsha na Ingila, akwai gidan da John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Metodis, ya tashi a ciki. Asalinsa gidan limamin Cocin Ingila ne, domin mahaifinsa Samuel shi ne limamin cocin garin har ya rasu a 1735. Gidan farko na katako ne da rufin ciyawa. Ranar 9 ga Fabrairu 1709 gobara ta cinye shi da dare, aka ciro John ta tagar bene yana ɗan shekara biyar, dab da rufin zai rufto. A shekarar nan aka sake gina shi da jan bulo, kuma shi ne yake tsaye har yau. A nan mahaifiyarsu Susanna ta koyar da 'ya'yanta karatu, a nan ƙanensa Charles mai rubuta waƙoƙin coci ya girma. Cocin Metodis ya sayi gidan a 1954, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1957.

Ba fada ba ce, gidan zama ne kawai. Darajarsa ita ce bangon da ka dafa shi ne bangon 1709. In an canza shi da sabo, labarin yana nan a littafi, amma shaidar ta tafi. Shi ya sa hukumar Ingila ta sa shi a mataki na ɗaya na gine-ginen da doka ta kare, kuma a irin wannan gida ko taga ba ka canzawa sai da izini a rubuce, in ka yi gaban kanka laifi ne.

Abin da ke kashe irin waɗannan gidaje ruwa ne, sai kuma gyaran ganganci. Na biyun ya fi ba ni takaici, domin da kyakkyawar niyya ake yinsa. Magina na da sun haɗa bulo da kwaɓin farar ƙasa (irin ta gini, wadda ake kira "lime" da Turanci) da yashi. Wannan kwaɓi yana da laushi, danshin da ya shiga bango yana fita ta cikinsa. In mai gyara ya kankare shi ya cusa siminti, hanyar fita ta toshe, ruwan ya koma cikin bulon. A ƙasar sanyi sai ya daskare, ya kumbura, fuskar bulon ta ɓare. Ka san yadda katangar ƙasa ke yi a Kano in an yaɓe ta da siminti maimakon makuba: waje sumul, ciki yana jiƙa, wata rana yaɓen ya zube gaba ɗaya da rabin katangar. Ciwon ɗaya ne.

Saboda haka ku fara daga sama. A hau rufi a duba inda ke yoyo, a share indararo da bututun ruwa aƙalla sau biyu a shekara, a tabbatar ruwan yana zuba nesa da gindin bango. Sannan a zagaya gidan a ga ko ƙasa ta taru ta haura daɓen ciki, domin shekaru suna tara ƙasa da shara a jikin gini, danshi kuwa ta nan yake hawa. A kwashe ta har ta koma ƙasa da daɓen da kamar santimita 15. Bango mai kauri ba ya bushewa a mako guda, yakan ɗauki watanni, kada a yi gaggawar shafa masa fenti.

In an zo cike tsakanin bulo, a kankare tsohon kwaɓin da hannu, ba da injin yanka ba, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin tsagar. Awo ɗaya na farar ƙasa, uku na yashi mai kaifi, shi ne abin da aka saba. A jiƙa wurin tukuna, a cusa da kyau, a rufe da jiƙaƙƙen buhu na 'yan kwanaki. In ya bushe da sauri zai tsage ya zama gari. Fentin mai kuma a bar shi, shi ma yana kulle danshi.

Katako nan ne aka fi yin ɓarna. Ƙofa ko taga takan ruɓe ne daga ƙasa, sauran jikinta lafiya lau. Kafinta nagari zai yanke ruɓaɓɓen wurin ya dasa sabon katako irinsa. A soka tsinken ƙarfe a ƙarshen katakon rufi inda ya shiga bango, in ya nutse da sauƙi akwai ruɓa ko ƙwaro. A wajenku ku nemi hanyar gara a jikin bango ma.

Kafin a fara komai a ɗauki hoton kowane ɗaki da kowane bango, a auna, a rubuta. Duk abin da aka cire, ko sakata ce, a sa mata lamba a adana. Rajistar baftisma da ta aure da wasiƙun tsoffin fastoci a fitar da su daga ɗakin da ke da laima, a ɗauki hotonsu shafi-shafi. Dattawan da suka san gidan tun suna yara kuma a zauna da su yanzu, a naɗi muryarsu, su faɗi wane ɗaki ne na me, da abin da aka ƙara daga baya.

Ka turo mini hotunan rufin da gindin bangon ta kowace kusurwa, in duba kafin zamanku na gaba. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Naka,
Amininka