Direbobi, a daina kwara wa pon ruwan sanyi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana da ƴan'uwana direbobi da masu motocin kaya, musamman masu zirga-zirga tsakanin Maraɗi da kasuwannin ƙauye. Ni makaniki ne, kuma tun da bazara ta kama, kukan da aka fi kawo mini gareji shi ne na pon, wato aksul ɗin baya, ƙullutun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya inda farfela ta ƙare.

Direba zai taso daga Dakoro da lodin wake, ya tsaya sallar azahar, ya sunkuya ya ɗora hannu a kan pon. Sai ya ji zau, ya fizge hannu, ya ƙwala wa yaron mota kira ya kawo jarka. Su kwara ruwa, ƙarfe ya yi cuu, tururi ya tashi, hankalinsa ya kwanta cewa ya ceci motarsa. Wallahi bai cece ta ba, ciwo ya saya mata.

Pon mai lafiya zafi yake yi, haka aka ƙera shi. A cikinsa akwai ƙaramin haƙori da ke juya babba, kuma ba cizon juna kawai suke ba, goga juna suke yi, duk ƙarfin injin kuma ta nan yake bi kafin ya isa taya. Motar da ta yi tafiyar awa ɗaya a kan kwalta, man da ke ciki yakan kai digiri 70 zuwa 95 a ma'aunin Selsiyos. In an yi mata lodi mai nauyi, ko ana jan wata, ya kan haura 100 har ya doshi 110 ba tare da wani abu ya lalace ba. Hannun ɗan Adam kuwa ba ya iya zama a kan ƙarfen da ya wuce digiri 60. Ga shi a watan Afrilu da Mayu iskar garin nan kanta tana wuce digiri 40, kwalta kuma ta fi haka. To yaya tafin hannu zai bambance maka pon mai lafiya da mai ciwo, alhali dukansu ƙona shi za su yi? Inda ake fara jin tsoro shi ne daga 120 zuwa sama, don a nan man giya na gama-gari yake fara tsinkewa yana ƙonewa.

Illar ruwan kuwa ga ta. A saman pon akwai wani ɗan ƙaramin bututu mai hula wanda ta nan yake numfashi. In ya yi zafi iskar ciki ta kumbura ta fita ta nan. In ka sanyaya shi farat ɗaya, iskar ta tsuke, sai ya zuƙo abin da ke waje, ko ta bututun ko ta robar da ke tare mai a bakin farfela da wajen tayoyi. Abin da ke waje a lokacin kuwa ruwan jarkarka ne. Mai da ruwa in suka cakuɗe, in ka kwance ƙusar ƙasan pon da ake juye mai ta wurinta za ka ga yana zubowa kamar shayi mai madara, kuma irin wannan ba ya kare haƙori, boris ma, wato ƴan ƙarafan da aksul ke juyawa a kansu, tsatsa yake yi. Abin takaicin, bayan ƙarfen kawai ka sanyaya. Kafin ka yi kilomita goma zafin ya dawo inda yake. Haka abin yake da damina ga masu bin hanyoyin wajen Madarumfa da bakin Gulbi, su faɗa korama da pon yana tafasa. Duk wanda ya ratsa ruwan da ya shanye aksul, ya duba mansa a satin nan, kar ya jira lokacin juye.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar mai. Akwai masu zuba tsohon baƙin man injin a pon, wai ai mai mai ne. Na buɗe na wata Hilux da aka yi wa haka. Haƙoran sun yi shuɗi-shuɗi saboda ƙuna, gefensu ya zama kaifi, maganaɗisun da ke jikin ƙusar ƙasa kuma ya yi gashi da ɓarɓashin ƙarfe har da gutsattsari masu kama hannu. Mai motar ya yi tsimin jika kaɗan a kan mai, ya ƙare da neman pon sukutum a wajen ƴan kayan gyara. Man injin ba shi da sinadarin da ke jure wannan gugar. Wanda ya dace shi ne man giya da aka rubuta GL-5 a jikin galan, 80W-90 ga yawancin ƙananan motocin kaya, ko 85W-140 ga masu jibgin lodi in littafin motar ya yarda. Warinsa na farar wuta kada ya tsorata kowa, haka yake tun yana sabo. Warin ƙuna shi ne abin gudu. Sannan a zuba shi har ya kawo daidai bakin ramin da ake ɗurawa, mota tana tsaye a wuri mai daidai. In ya gaza, haƙori zai yi ta gudu a bushe. A juye shi kamar kowane kilomita 40,000 ga motar da ke aiki cikin yashi da lodi irin namu.

Akwai kuma tayoyi. Mutum zai sa sabuwa a dama, a hagu ya sa wata da ba lambarsu ɗaya ba don ita ya samu da araha. A cikin pon akwai wasu ƙananan haƙora da aikinsu shi ne su bar taya ɗaya ta fi ɗaya gudu a kan kwana. In tayoyin ba girmansu ɗaya ba, ba su hutawa ko a miƙaƙƙiyar hanya, tun daga Maraɗi har Tasawa suna juyi suna ƙara zafi. Lodi kuma ba sai na faɗa ba, kowa na ganin yadda ake jibga buhunan aya da gero har bayan mota ya kusa shafar ƙasa, mutane kuma a sama.

Mai son ya san gaskiyar lafiyar ponsa, ya yi amfani da kunne da hanci da ido. Kukan da ke tashi in ka taka totur ya lafa in ka saki, ko gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, ko jiƙewar mai a bakin farfela da cikin taya, waɗannan su ne alamun ciwo. In gefen taya ɗaya ya fi ɗayan zafi sosai, a nemi laifin a boris ko birkin da ya riƙe. A kuma riƙa goge ɗan bututun nan na sama, don in laka ta toshe shi, iskar ciki za ta tura mai ta robobi ya tsiyaye. In kuwa kana ganin zafin ya yi yawa, tsaya a inuwa rabin awa, zai huce da kansa.

Roƙona ga shugabannin sandikar direbobi shi ne su ajiye ƴar bindigar awon zafi a kowace tasha. Ba irin ta goshi da muka gani lokacin korona a 2020 ba, waccan zafin jikin mutum kaɗai take aunawa. Akwai ta gareji mai kai ɗaruruwan digiri, kuma kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba. Direba na shigowa a haska masa pon a gaya masa lamba. Makarantun koyon tuƙi su ma su sa wannan a cikin darasi, gidajen rediyonmu kuma su ba makanikai ko da minti goma ne a sati kafin damina ta sauka.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wani makaniki,
Maraɗi