Giwayen Hwange: ƙara haƙa rijiyoyi ba zai cece su ba

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki.

Na saurari shirinku kan giwayen da fari ke kashewa a gandun dajin Hwange na ƙasar Zimbabuwe, kuma kusan duk waɗanda suka bugo waya bakinsu ɗaya, wai a ƙara haƙa rijiyoyin burtsatse shikenan an gama. To ni dai ban yarda ba, don rijiyoyin nan su ne ma suka kai maganar inda take yau.

Shi Hwange fa ba shi da wani babban kogi da ke gudu duk shekara a cikinsa, yawancinsa yashin Kalahari ne, ruwan sama na sauka ya cika tafkuna, rani na yi su ƙafe. Lokacin da aka keɓe shi a 1928 giwaye kaɗan ne a ciki, kuma da ruwa ya janye sai su kama hanya su nufi inda koguna suke. Mai kula da dajin na farko, Ted Davison, shi ya fara haƙa rijiyoyi a shekarun 1930 don dabbobi su daina fita, dabara ta ci kuwa, har ta wuce gona da iri. Yau ana maganar giwaye kusan 45,000 a dajin da su kansu hukumomin ƙasar ke cewa abin da zai iya ɗauka bai wuce 15,000 ba, kuma rijiyoyi sama da 100 ake turo musu ruwa da su, yawanci da sola.

Babbar giwa ɗaya tana iya shan lita 200 a rana, Malam Edita ka lissafa da kanka. Sola kuma rana na faɗuwa ta tsaya sai in an haɗa mata batir ko injin dizal, alhali da yamma da dare ne garke ke tururuwa bakin ruwa, toron giwa ya zo ya kafa hancinsa daidai bakin bututun yana zuƙewa tun ruwan bai taɓa ƙasa ba, ƙananan dabbobi na gefe suna kallo, 'ya'yan giwa da tsofaffi su kutsa cikin taɓo neman abin da ya rage su maƙale a nan. Haka aka yi a ƙarshen 2023 da damina ta makara saboda El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke jawo fari a yankin, giwaye sama da 100 suka mutu a Hwange.

Amma abin da ba a faɗa a shirin ba, ba ƙishirwa kaɗai ke kashe su ba, har da yunwa. Giwa mai shayarwa ba ta iya nisa da ruwa, don haka duk bishiyar da ke kusa da famfo an ɓare ta, an karye rassanta, wurin ya zama fili fetal sai ƙura da kashi. Kullum tafiyar neman ci na ƙara tsawo, a dawo a sha, a sake komawa, har ƙarfi ya ƙare. Ka haƙa sabuwar rijiya a inda daji ya rage, bayan 'yan shekaru nan ma ya koma haka.

A Afirka ta Kudu, gandun Kruger ya taɓa bin wannan hanya da ɗaruruwan rijiyoyi, daga baya tun ƙarshen shekarun 1990 suka riƙa rufe da yawa daga ciki da gangan. Ban ce Hwange ta kwaikwaya ido rufe ba, Kruger na da koguna, Hwange kuwa in aka kashe famfo rana ɗaya gawa ce za ta cika daji, ga masu yawon buɗe ido da kuɗinsu ke biyan ma'aikata su ma bakin famfon suke zuwa ɗaukar hoto. Abin da nake gani shi ne a riƙa hutar da wasu rijiyoyin bi da bi, a kuma bar hanyar giwaye zuwa Botsuwana a buɗe, tunda ƙasashen yankin sun riga sun ƙulla yarjejeniyar KAZA kan haka, wato ta haɗa gandun dajinsu don dabbobi su riƙa ƙetare iyaka.

Mu nan Bauchi Allah ya taimake mu kogin Gaji na ratsa Yankari rani da damina, matsalarmu daban ce, giwa ta shiga gona ta cinye wa talaka masararsa dare ɗaya. Don Allah in za ku sake shirin ku gayyato ma'aikacin gandun daji da manomi daga ƙauyukan Alkaleri mu ji daga bakinsu.

Naku mai sauraro kullum,
daga Bauchi