Buɗaɗɗiyar wasiƙa: a lokacin yaƙi, maganar wa ce ta ƙarshe?

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ka jefo mini tambaya a bainar jama'a: idan ƙasa ta faɗa yaƙi, ba gara shugaban farar hula ya ja bakinsa, ya sakar wa janar-janar ragama ba, tunda su suka san aikin? Na kwana ina juya ta, domin rayukan 'ya'yan mutane ake magana.

Ban yarda ya saki ragamar ba.

A 1951 Janar MacArthur, kwamandan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a Koriya, ya matsa lamba a kai yaƙin har cikin ƙasar Sin. Gwarzo ne, ya fi Shugaban Amurka Truman farin jini nesa ba kusa ba. Ranar 11 ga Afrilu Truman ya sauke shi, ya sha zagi. MacArthur fagen daga yake kallo, shi kuwa Truman idonsa na kan Tarayyar Sobiyat, wadda ta gwada bam ɗin nukiliya tun 1949. Haka a Oktoban 1962, da aka gano Sobiyat na girke makamai masu linzami a Kuba, manyan hafsoshi suka ce wa Shugaban Amurka Kennedy a yi wa Kuba ruwan bama-bamai, ya zaɓi killace tsibirin ta teku. Sai bayan shekaru aka gano akwai ƙananan makaman nukiliya jibge a can, waɗanda hafsoshin ba su san da su ba. Dalilin yaƙi da inda zai tsaya, wanda jama'a suka zaɓa ne zai yanke, don shi za su tuhuma.

Amma kana da gaskiya ta wani gefe, kuma gefen nan yana ci mini rai. Idan soja ya ce maka mayaƙa kaza aikin ke buƙata, ko wurin nan ba zai kāru ba, saninsa ya fi naka. A 1941, lokacin da Jamus ta mamaye Tarayyar Sobiyat, babban hafsan sojinta Janar Zhukov ya shawarci shugaban ƙasar, Stalin, a janye daga birnin Kiev, Stalin ya yi kunnen uwar shegu, ya cire shi daga muƙaminsa. Jamusawa suka kama sojojin Sobiyat sama da 600,000 a can. A Fabrairun 2003, gab da Amurka ta mamaye Iraƙi, babban hafsan sojin ƙasanta Janar Shinseki ya zauna gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka, aka tambaye shi yawan sojan da riƙe Iraƙi zai ci. Ya ce dubu ɗaruruwa. Manyan farar hula na ma'aikatar tsaro suka fito suka gwasale shi. Bagadaza ta faɗi a Afrilu, aka rasa isassun masu hana wawashe ma'aikatu, kuma a 2007 dole Shugaba Bush ya ƙara tura sojoji sama da 20,000.

Wassalam,
ɗan'uwanka.