Rahoton Kwamitin Gyaran Makaranta kan Aikin Buɗe Hanya ga Yara Masu Nakasa

Wannan rahoto ne daga kwamitin da iyaye da malamai suka ɗora wa nauyin gyara ginin makarantarmu ta firamare, domin yara masu nakasa su iya shiga aji, su zauna, su kewaya, su sha ruwa ba tare da an ɗauke su cak ba. Alhamdu lillahi aiki ya kammala, mun miƙa makullai ga shugabar makaranta. Ga bayanin abin da aka yi, da inda muka yi kuskure, da abin da ya rage.

Daga rajistar ɗalibai maganar ta taso. Malamai sun lura cewa yaran da ke da lalurar ƙafa sukan fara aji ɗaya, amma da wuya a gan su a aji uku. Muka bi su gida-gida. Mun zaci kukan rashin kuɗin littafi za mu ji, kuma mun ji shi, sai dai abin da ya fi fitowa daga bakin iyaye mata shi ne matakala da banɗaki. Wata uwa ta ce ita ke goya 'yarta kullum, ta haye da ita matakalar baranda, ta dawo da rana ta sauko da ita. Yarinya ta girma, baya ya gaza, kuma duk safiyar da ta yi rakiya ta rasa aikin da take riƙe gida da shi. Ta haƙura da makaranta, kuma babu mai imanin da zai ga laifinta. Ita yarinyar, da matan kwamiti suka keɓe da ita, sai ta sunkuyar da kai ta ce lokacin da take zuwa ba ta shan ruwa daga safe har a tashi. Masan na tsuguno ne, kuma sai ta rarrafa da tafin hannu a kan daɓen da kowa ya taka. Wannan magana ita ta hana mu barci.

Abin da muka gani a gidajen nan ba sabon abu ba ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato ɗaya cikin kowane shida, na rayuwa da nakasa mai tsanani, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin tattalin arziki. Asusun UNICEF ya ce a 2021 yara masu nakasa sun kusan miliyan 240, kuma yiwuwar a ce ba su taɓa shiga aji ba ta fi ta sauran yara da kashi 49 cikin ɗari. Talauci da nakasa ɗan juma ne da ɗan jummai. Rashin abinci mai gina jiki, da haihuwa ba tare da ungozoma ƙwararriya ba, da ciwon da ba a kai asibiti da wuri ba, su ke haifar da nakasar da za a iya kauce mata. Ita kuma nakasar sai ta cinye ɗan abin da gida ke da shi, ta zaunar da mai jinya, ta hana yaro ilimin da zai fitar da shi. Kwamitin gini ba zai iya tsinke wannan sarƙa duka ba, amma matakala da ƙofa da masai suna hannunmu.

Aikin farko shi ne gangaren hawa baranda, kuma a nan muka yi tuntuɓe. Barandar ta ɗaga daga ƙasa santimita 60. Magini ya zuba gangare mai tsawon mita biyu da rabi, ya shafe shi sumul, muka duba muka yaba. Sai muka gayyaci wani tsohon ɗalibi mai keken guragu ya gwada. Ya turo da ƙarfinsa, ya kai tsakiya, ƙananan tayoyin gaba suka ɗaga, keken ya nemi kifewa da baya, sai da mutum biyu suka tare shi. Da ya numfasa ya dube mu ya ce: "Ni da nake da ƙarfin damtse ke nan, ina ga yarinya 'yar shekara bakwai?" Babu wanda ya iya ba shi amsa.

Laifin namu ne, ba na magini kaɗai ba, domin mu muka amince da aikin ba tare da mun tambayi masu hawa ba. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk tashin santimita ɗaya yana buƙatar tsawon santimita 12 aƙalla. Ke nan barandarmu na neman gangare mai mita 7.2. Muka fasa na farko, asarar siminti da tsakuwa ta hau kanmu, aka sake zubawa a jikin bango, aka karya shi biyu da wurin hutawa mai faɗin mita ɗaya da rabi a tsakiya inda keke zai iya juyawa. An bar saman da kaushi, an ja masa layuka don kada ya yi santsi da damina. Mai walda ya kafa ƙarfen riƙewa a gefe biyu, hawa biyu, na sama don manya, na ƙasa daidai hannun yara, an kuma ɗaga ɗan baki a gefe don taya kada ta zame. Tun daga ranar muka shigar da mutum biyu masu nakasa cikin kwamiti, mace da namiji, kuma ba a ƙara sa bulo ɗaya ba sai sun gani. Ya kamata a ce da su muka fara.

Banɗaki ya fi komai cin lokaci. Mun gina ɗaki ɗaya sabo a jikin tsofaffin, mai fili da keke zai juya a ciki. Ƙofarsa faɗin santimita 90 ce kuma waje take buɗewa, don idan yaro ya faɗi a ciki kada jikinsa ya tokare ta. An gina mazauni mai tudu a kan ramin, an shafe shi da siminti mai laushi yadda zai wanku, an kafa ƙarfen dafawa a dama da hagu. Sakata babba ce, wadda ko mai raunin yatsu zai iya turawa da gefen hannu. Shawarar mace 'yar kwamitinmu ce a sa ƙugiya da ɗan kanta a ƙasa-ƙasa, da wurin ajiye buta kusa da hannu, saboda 'yan mata da suka fara girma. Mu maza ba mu yi tunanin haka ba ko kaɗan.

Sauran ayyukan ba su da wuya. An faɗaɗa ƙofofin azuzuwa uku, an cire dokin ƙofa. An sauko da allo ƙasa kaɗan, an sake masa baƙin fenti, an ƙara taga don haske saboda masu raunin gani. Bakin kowace matakala an ja masa fenti mai haske. Kafinta ya yi tebura masu tsayin da keke zai shige ƙarƙashinsu. An daɓe hanya daga ƙofar shiga zuwa baranda da banɗaki da famfo, an kuma ƙara kan famfo na biyu a ƙasa.

Game da kuɗi, gudummawar iyaye da tsofaffin ɗalibai ce ta ɗauki aikin, matasa kuma suka ba da ƙarfinsu wajen haƙa da ɗibar yashi. Takardun shiga da fita da rasiɗai suna wurin ma'aji, duk mai son dubawa ƙofa a buɗe take. Abu ɗaya ne ya tsaya mana a rai. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya nuna cewa idan tun a zanen sabon gini aka yi la'akari da masu nakasa, ƙarin kuɗin bai cika wuce kashi 1 cikin ɗari ba. Mu kuwa fasa bango muka yi, muka sake kafa ƙofofi, muka biya aiki sau biyu. Muna roƙon duk mai shirin gina aji ko asibiti ko wurin ibada ya yi wannan lissafi kafin a haƙa tushe. Kuma ba alfarma ba ce ake yi wa kowa: yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, ta tanadi samun hanyar shiga gine-gine a sashe na 9, da ilimi tare da sauran yara a sashe na 24.

Ba za mu ce an gama komai ba. Gangare bai amfani kurma da komai ba, kuma har yanzu ba mu da malamin da ya iya maganar hannu, ba mu da littafi ko ɗaya na rubutun makafi. Wasu yaran ba su da keken da za su hau gangaren da shi. Hanyar da ke wajen katanga ba tamu ba ce, kuma da ruwa ya sauka sai ta zama taɓo. Mun rubuta wa hukumar da abin ya shafa muna jiran amsa. Yarinyar da muka ambata ta dawo aji, amma akwai gidajen da har yanzu suke ɓoye 'ya'yansu don tsoron bakin mutane, kuma matan kwamiti za su ci gaba da zuwa wurinsu.

Mun bar wa hukumar makaranta sharuɗɗa biyu a rubuce. Kada a kulle sabon banɗaki a ajiye makulli a ofis, kada kuma a mayar da shi ɗakin ajiyar tsintsiya da karyayyun bencina. Za mu dawo bayan damina mu duba ƙarafuna da daɓe, tare da abokan aikinmu biyu masu nakasa, kuma su za su fara hawa.