Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Ministan Sufuri kan jiragen ruwa masu aiki da sola

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, da fatan ana lafiya, Allah ya ƙara taimako.

Yallabai maganar jirgin ruwa mai aiki da hasken rana ce ta sa na ɗauki alƙalami, don wallahi abin ya wuce gwaji yanzu. A jihar Kerala ta Indiya tun watan Janairun 2017 akwai jirgin fito mai suna Aditya da yake tsallaka da mutane tsakanin Vaikom da Thavanakkadavu, fasinja 75 yake ɗauka, faifan sola na kilowat 20 ne shimfiɗe a rufinsa, batir na ajiye wuta, ba hayaƙi ba ƙara ba man da ke tsiyaya cikin ruwa yana kashe kifi. A ƙasar Ekwado ma mutanen Achuar na dajin Amazon suna zirga-zirga da kwale-kwalen sola. Shi kuwa wani jirgin ruwan sola mai suna PlanetSolar duniya ya zagaye ɗungurungum tsakanin 2010 da 2012.

Amma dan Allah kar a yi gaggawar ba da kwangila, akwai inda gizo ke saƙar. Faifai mai faɗin murabba'in mita ɗaya wat 200 ko kusa da haka yake bayarwa in rana ta take, rufin jirgi kuma ba wani faɗi gare shi ba, sannan ruwa ba ya son gudu, ka ce za ka ninka saurin jirgi to wutar da zai sha sai ta ninka sau da yawa, batir ya ƙare a tsakiyar kogi. Shi ya sa ɗora faifai a kan tsohon jirgin katako mai nauyi asarar kuɗi ce kawai. Jiki marar nauyi ake buƙata, siriri mai gangar jiki biyu irin na Aditya, a sa shi a gajeriyar hanya ta fito inda zai je ya dawo, da wajen caji a mashigi saboda ranakun hadari da damina.

Ta fannin kuɗi matsalar guda ce, sayen farko. Ya fi na dizal tsada sosai, amma daga nan ba sayen mai kullum, ba canjin bakin mai, injin lantarki ba ya yawan zuwa gun makanike, faifan yakan kai shekara 25, batir ne dai dole a canza shi bayan wasu shekaru kuma a sa wannan a lissafi tun farko. Mai jirgin da abin da ya samu yau shi zai zuba mai da shi gobe ina zai samo wannan jarin?

Roƙona ranka ya daɗe, a zaɓi mashigai kaɗan masu cunkoso a fara da su, a bai wa ƙungiyoyin masu fito rance mai sauƙi su riƙa biya daga kuɗin man da suka daina kashewa, a horar da yaran yankin kan gyaran batir da wayar wuta kafin jirgin ya iso, a kuma fito da alƙaluman shekarar farko kowa ya gani.

Na gode, Allah ya yi jagora.